Wata bakwai ina tambayar kaina "wane ne ni?", ashe a baibai na riƙe tambayar

Har yau in na tuna maganar da na faɗa wa ƙanwata a waya a daren nan sai na ji kamar an watsa min ruwan zafi a gadon baya, an kusa shekara uku amma abin bai saki ƙirjina ba.

Lokacin ina karatu a Bangalor ta ƙasar Indiya, shekarata ta biyu, barci ya ƙaurace min gaba ɗaya. Ga jarabawa, ga kuɗin haya, kuɗin da ake turo min daga gida kullum ƙara ƙanƙancewa suke in an canza, ga Baba kwance ba lafiya a Kano. Wani ɗan ajinmu ɗan ƙabilar Tamil da ya ga yadda na koma shi ya miƙo min wani ɗan littafi siriri, Nan Yar sunansa da yarensu, wato "wane ne ni?". Amsoshi ne da wani malamin addinin Hindu, Ramana Maharshi, ya bai wa wani ma'aikacin gwamnati mai suna Sivaprakasam Pillai a 1902, a lokacin ba ya magana, sai dai ya rubuta a ƙasa ko a kan allo.

Shi Ramana an haife shi a 1879. Yana ɗan shekara 16 a gidan baffansa a Madurai tsoron mutuwa ya kama shi haka kawai ba ciwo ba komai, sai ya kwanta ya miƙe sanƙam kamar gawa ya tambayi kansa, to jiki ya mutu, za a ɗauka a ƙona, amma shi wannan da yake sane da hakan fa? A wannan shekarar ta 1896 ya bar gida ya tafi Tirubannamalai gindin dutsen Arunacala, bai sake barin wurin ba har ya mutu a 1950. Hanyar tasa, wadda suke ce wa atma bicara, ba ta da tsawo: duk tunanin da ya taso maka kada ka bi shi, ka tambaya wa wannan tunanin ya zo wa? Amsar ita ce ni. To wane ne ni ɗin, daga ina jin "ni" yake fitowa? Sai ka mai da hankalinka can ka tsaya. Ya kwatanta tambayar da sandan da ake motsa wutar ƙona gawa da shi, ƙarshenta shi ma sandan wuta ce take cinye shi.

Ni Musulmi ne, ko sallah ɗaya ban ajiye ba a duk wannan lokacin, kuma inda falsafar Hindu ta Adbaita, wadda hanyar tasa ke bi, ta dire, cewa atman wato ainihin mutum da Brahman wato hakikar komai abu ɗaya ne ba biyu ba, ban taɓa karɓa ba. A wurina bawa bawa ne, Ubangiji Ubangiji ne. Abin da ya ja ni shi ne binciken. Akwai hujjarsu ta barci mai nauyi da ta tsaya min a rai, a barcin da ba mafarki ba ka san da jikinka ba, ba tunani, ba suna, amma da ka farka sai ka ce na yi barci mai daɗi, to wa ya kasance a wurin har ya san da daɗin? Kwana na yi ina juya wannan.

Da farko mai da tambayar na yi kamar wuridi, ina ta nanatawa a zuci, ba a je ko'ina ba na gane ba haka ake nufi ba na daina. Wannan ƙaramin kuskure ne. Babban shi ne wanda ya biyo baya.

Na ci karo da abin da suke kira neti neti, "ba wannan ba, ba wannan ba", koyarwar wani malaminsu na da mai suna Yajnabalkya a tsofaffin littattafansu na Upanishad. Kai ba jiki ba ne tunda kana ganin jikin, kai ba tunani ba ne tunda kana ganin zuwansa da tafiyarsa, kai ba baƙin ciki ba ne. Wallahi da na fara wannan sai na ji sakayau, barci ya dawo. Damuwa ta taso na ce ba ni ba ce, tsoron jarabawa ya taso na ce ba ni ba ne, na koma kamar mutumin da ya hau kan soro yana kallon mutane suna ta kai-kawo a tsakar gida. Na zauna a kan soron nan wata da watanni, a raina kuma ina ganin na kai wani matsayi da sauran mutane ba su kai ba. Ban taɓa juyo da tambayar kan shi wanda ya hau soron ba, ko sau ɗaya, alhali shi ne babban aikin da littafin ya ce a yi.

Ana haka wata rana wajen ƙarfe biyun dare agogon Indiya ƙanwata ta kira, muryarta na rawa, ta ce "Yaya jikin Baba fa ya tsananta, yau ko ruwa bai iya haɗiyewa ba, nishi kawai yake, dan Allah ka zo." Ni kuma cikin natsuwar da nake alfahari da ita na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai abin da yake jin zafin jiki ne kawai, ainihin Baba ba abin da ya taɓa shi. Ta yi shiru, ina jin numfashinta, can ta ce "to Yaya" ta kashe wayar.

Hutu ya zo bayan sati biyu, kuɗin tikiti na hannuna don kawuna ya turo, amma na ce bari na fara zuwa Tirubannamalai na kwana biyu tukuna, tafiyar 'yan awanni ce a bas daga Bangalor. Kwana biyun nan ya zama kwana tara. Na zauna a zauren da mutane suke zama shiru, ban rusuna wa komai ba, zama kawai nake. Na zagaya dutsen da ƙafa, kilomita 14 ne. A rana ta takwas na hau zuwa Skandashram, ɗan wurin da Ramana ya zauna daga 1916 zuwa 1922 bayan ya bar kogon Birupaksha. Hawa ne a kan duwatsun da aka jera, birrai ko'ina, daga sama kana hango babban wurin bautarsu na cikin gari da dogayen hasumiyoyinsa. A nan wani dattijo mai farin gyauto da ke zaune a inuwa ya nuna min wani ɗan ƙaramin ɗaki, ya ce a nan mahaifiyar Ramana ta cika a watan Mayu na 1922, kuma shi Ramana yana zaune gefenta tun safe har dare, hannunsa na dama a ƙirjinta na hagu a kanta, bai tashi ba sai da ta ƙare. Daga baya ma gangarowa ya yi ya tare kusa da kabarinta a gindin dutsen, wurin da kowa ke zuwa yanzu a gefen kabarin uwa aka gina shi.

Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin nan ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Mutumin da na ari maganarsa na kare kaina daga ciwon Baba, shi da tasa uwar ta zo mutuwa hannu ya sa ya riƙe ta yini guda. Bai ce mata jiki ne kawai ba. A wurin na yi tambayar yadda ya kamata a karon farko, wannan da ya ce wa ƙanwarsa ta kwantar da hankalinta, wane ne shi? Da na duba ban tarar da wani mai kallo mai natsuwa ba, yaro na tarar a tsorace wanda ba ya so ya ga ubansa a kwance an sa masa robar abinci a hanci, ya samo kalmomi manya ya lulluɓe kansa da su. "Ni" ɗin da aka ce a bincika shi ne dai ya sake riga ya dawo yana kiran kansa mai kallo.

Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni game da waɗannan littattafan, kuma ɗalibanmu da ke Indiya suna cin karo da su fiye da yadda ake zato, abu ɗaya nake ce masa, in ka ga natsuwar da ka samu tana sa ka jin ka fi masu kuka, ko tana sa ka jinkirta ɗaga wayar gida, to tsaya nan ka yi tambayar a kan mai natsuwar. Cire wannan cire wancan share fage ne kawai, mai cirewar yana nan daram. Shi kansa Ramana masu zuwa suna neman izinin barin iyali da aiki ba ya goya musu baya, kuma shekaru ya yi yana tashi tun kafin asuba yana yanka kayan miya a kicin tare da masu girki. Duk wannan yana rubuce, ni ne na tsallake na ɗauki abin da ya yi min daɗi.

A daren ranar da na hau Skandashram na sayi tikiti a wayata, jirgin sai bayan kwana huɗu. Baba ya rasu saura kwana biyu na taso, aka yi jana'iza bayan la'asar ina ɗakina a Bangalor da akwati a ɗaure. Da na iso gida na durƙusa gaban Umma na kasa cewa komai, ita ce ma ta dafa kaina tana cewa "ka yi haƙuri, ya yi ta ambatonka, ya ce ya yafe maka duniya da lahira." Ƙanwata tana tsaye jikin ƙofa idonta ya kumbura, ta dube ni ta ce "Yaya ai jiki ne kawai aka binne ko?" ta shige ɗaki.

Na ba ta haƙuri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma ta haƙura, muna waya muna hira kamar da. Amma watan jiya da hawan jinin Umma ya tashi cikin dare aka kai ta asibiti, ƙaninmu ta kira ba ni ba, ni sai da gari ya waye na ji.