Godiya ga mutanen Wadi Musa da duk wanda ya tsaya mana

Assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin Baba da mu 'ya'yansa nake wannan rubutu. Da yawanku kun ji abin da ya same shi a ƙasar Jodan, wasu ma labarin ya iso musu da ƙari har hankalinsu ya tashi. To, alhamdu lillahi, mun dawo lafiya. Baba yana takawa da ƙafarsa, likitansa ya duba shi ya ce jiki ya daidaita. Akwai mutanen da alherinsu ya yi mana nauyi a wuya, ba na son lokaci ya ja ban ambace su ba, duk da ba zan kama suna ba tunda ban nemi izininsu ba.

A Wadi Musa muka sauka, ɗan ƙaramin gari ne a jikin tsauni a kudancin ƙasar, tafiyar kamar awa 3 a mota daga Amman. Nan ne ƙofar shiga Petra, birnin da Nabatiyawa suka sassaƙa a cikin jan dutse shekara 2,000 da wani abu da suka wuce. Baba tsohon malamin tarihi ne. Ya sha koyar da labarin wannan birni a aji bai taɓa sa shi a ido ba, shi ya sa muka haɗa ƙarfi muka kai shi.

Zan fara da ɗan jagoranmu. Hanyar shiga birnin wani matsattsen lungu ne tsakanin duwatsu, ana kiransa Sik, tsawonsa ya ɗara kilomita 1. Mutane sauri suke yi su wuce shi don su isa gaban Al-Khazna, ginin nan mai tsayin kusan mita 40 da kowa ya sani a hoto. Baba kuwa magudanan ruwan da aka haƙa a gefen bangon dutsen ne suka ɗauke masa hankali, duk ɗan taku sai ya tsaya ya shafa, ya yi tambaya. Bawan Allah nan bai ƙosa ba ko sau ɗaya. Shi ya nuna masa madatsar da ke bakin lungun da ramin da Nabatiyawa suka fasa a dutse don karkatar da ambaliya, ya gaya masa cewa an sake gina madatsar ne bayan ruwan 1963 da ya ci fiye da mutum 20 a cikin lungun, yawancinsu Faransawa. Na daɗe ban ga Baba cikin irin wannan farin ciki ba.

A hanyar Ad-Deir, wani babban gini da aka sassaƙa a saman dutsen Petra, abin ya faru. Matakala ce kusan 800 a jikin dutse, rana kuma ta take. Ana tsakiyar hawa jiri ya ɗebi Baba, gumi ya karyo masa, ya sulale ƙasa. Wata baiwar Allah Balarabiyar ƙauye mai ɗan rumfar kaya a gefen hanya ita ta fara isowa. Ta janye kayanta ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ta jiƙa mayafi ta ɗora masa a goshi, tana yi masa fifita tana addu'a. Ba ma jin harshen juna sosai, amma "Hajji, Hajji" da take ta kira har ya buɗe ido ba zai fita a kunnena ba. Sai wani saurayi mai jaki ya bar masu jiransa ya ɗora Baba, ya riƙe shi da hannu ɗaya, linzami a ɗaya, yana gangarowa da baya-da-baya a wuraren da suka yi tsini. Da muka iso ƙasa na miƙa masa abin hannu, ya dafa ƙirji ya ƙi karɓa. Jakin nan shi ne sana'arsa, yinin ranar kuma ya tafi a kanmu. Allah Ya buɗa masa ta inda bai zata ba.

Muna godiya ga ma'aikatan wurin da suka fitar da shi a ƙaramar mota mai batir, da likita da ma'aikatan jinyar da suka karɓe mu. Rashin ruwa a jiki ne ya sa jininsa ya sauka. Aka yi masa ƙarin ruwa, aka ce ya huta, kuma babu sauran hawan dutse.

Wannan hukunci ya fi ciwon taɓa Baba. Ya yi shiru, ya ce mu ci gaba da yawonmu shi zai zauna a ɗaki. A nan ne mai masaukinmu ya yi mana abin da kuɗi ba ya saye. Ya zo ya zauna a bakin gado ya ce, "Alhaji, ba ka taso daga nesa don ka kalli silin ba." Ya ɗauko takarda ya tsara mana wuraren da mota ke kaiwa kusa, ya ajiye aikinsa ya tuƙa mu da kansa. Ya fara da gidan adana kayan tarihi da aka buɗe a 2019 a bakin ƙofar Petra, inda akwai sanyi da wurin zama. Sai Ƙaramar Petra, 'yan kilomita a arewa, inda ayarin fatake ke sauka a da. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, Baba ya taka ta a hankali. Ɗakin da ke da zanen inabi da tsuntsaye a rufinsa yana saman 'yan matakala, sai ƙanena ya hau ya ɗauko masa hoto, suka zauna a inuwa suna dubawa.

Mai masaukin ya kai mu ganuwar Shobak, wadda mayaƙan Turai suka gina a 1115, Salahuddin al-Ayyubi ya karɓe ta a 1189. A nan malantar Baba ta motsa, ya zauna a kan dutse yana ba mu darasi, har mai masaukin ya koma ɗalibi. A hanyar dawowa muka tsaya a Ainu Musa, idon ruwan da mutanen garin ke cewa nan ne Annabi Musa (AS) ya bugi dutse. Da la'asar sakaliya kuma ya tsayar da mota a wani tudu ya nuna mana farar ƙubba can a ƙololuwar Jabal Harun, inda ake cewa kabarin Annabi Haruna (AS) yake. Ranar da mu yara muka tafi hamadar Wadi Rum, ɗan mai masaukin ne ya yini tare da Baba yana lura da lokacin maganinsa.

A gida kuma, Yaya Babba, ke kika kwana kina fama da canjin tikiti, Allah Ya saka miki da alheri. Kawunnanmu da gwaggonninmu, maƙwabta, da tsofaffin ɗaliban Baba da suka dinga kira da turo saƙo, duk mun gani, shi ma na karanta masa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ban samu amsa masa ba ya yi mini uzuri, hankali ne ba ya jiki a lokacin.

Masu son zuwa duba shi, ƙofa a buɗe take, amma don Allah a bari sai bayan la'asar, likita ya ce ya riƙa samun barcin rana. Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri, Ya kai ladan kabarin iyayenku da suka rigaye mu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.