Makin da makaranta ta rubuta daban, wanda jami'a ke lissafawa daban

Mu da muka yi sakandare a Najeriya, abin da muka sani shi ne jarrabawa guda a ƙarshe. Duk abin da ka yi a shekara shida, WAEC ko NECO ce ke yanke hukunci: kiredit biyar har da Turanci da lissafi, sannan JAMB. A nan Amurka kuwa kowane zangon karatu yana barin tabonsa a takardar yaro, kuma daga waɗannan sakamako ake fitar da GPA, wato matsakaicin makin ɗalibi. A maki 4 ne, B 3, C 2, D 1, F sifili. A tara su, a raba da yawan darussa.

Da 'yar farina ta gama aji na 11 a nan Kalifoniya (babbar sakandare a nan daga aji na 9 zuwa na 12 take), takardar makarantarta ta nuna 4.1, domin darussa masu wuya suna da ƙarin maki. Mahaifiyarta har ta kira Kano ta yi albishir. Sai malamar da ke ba ɗalibai shawara ta ce mana Jami'ar Kalifoniya, mai rassa tara da ke ɗaukar masu digirin farko, ba ta amfani da wannan lamba. Tana da nata lissafin, kuma gara mu yi shi da kanmu kafin mu zaɓi inda za a nema.

Wani dare bayan isha'i muka baza takardar a teburin cin abinci, ita da jan biro, ni da kalkuleta. Da farko ta soke aji na 9 gaba ɗaya, domin jami'ar tana ƙirga sakamako ne daga hutun bazarar da ke bayan aji na 9 zuwa hutun da ke bayan aji na 11. Wato aji na 10 da na 11 su ne ƙashin bayan lissafin. Sannan ta soke darasin motsa jiki, inda take da A jere. Darussan da ake kira A-G kawai ake ƙirgawa: tarihi, Turanci, lissafi, kimiyya, wani harshe ban da Turanci, zane ko kiɗa ko wasan kwaikwayo, da darasin zaɓi na share fagen jami'a. Tana cikin sokewa ta ɗago kai ta ce, "Abba, ai duk A ɗina masu sauƙi ne ke tafiya." Na ce mata ci gaba, mu ga abin da ya rage.

Sakamako 24 suka rage, kowanne na zango ɗaya: A guda 15, B guda 8, C guda ɗaya da ta samu a kemistiri. Alamar ƙari ko ragi ba ta aiki a nan. B mai ƙari da ta sha wahala a kansa a lissafi ya koma B zalla, amma A mai ragi ma ya zama cikakken A, don haka ba a cuce ta ba. Jimillar maki 86, a raba da 24, ya ba mu 3.58.

Daga nan sai ladan darussa masu wuya. Duk zangon da ɗalibi ya yi darasin AP ko IB, wato darussa masu zurfi irin na matakin jami'a da ake koyarwa a sakandare, ko darasin ƙwararru (honors) da jami'ar ta amince da shi, ana ƙara masa maki ɗaya, muddin ya samu C ko sama. Amma akwai iyaka: zango takwas kawai, kuma kada abin da ya fito daga aji na 10 ya wuce huɗu. Ita ta yi zango goma, sai muka ƙara takwas. 94 a raba da 24, ya zama 3.92. Wannan ce lambar da ake duba ko ɗalibi ya cika sharaɗi da ita, kuma mafi ƙaranci 3.0 ne ga mazaunin Kalifoniya, 3.4 ga na waje. 'Yan'uwa da ke wasu jihohi su lura, su ana ba AP da IB ƙarin, amma darasin ƙwararru na makarantarsu ba ya samun komai.

Cika sharaɗi fa ba samun gurbi ba ne. Rassa irin su Berkeley da UCLA suna karɓar takardun dubban yara masu maki sama da nata. Kuma tunda jami'ar ta daina duba sakamakon SAT da ACT, wato jarrabawar neman shiga jami'a, nauyin ya ƙara komawa kan abin da yaro ya yi a aji.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan C ɗin. Na tambaya ko za ta iya maimaita kemistiri a hutu don ta goge shi. Ba ta yiwuwa. D ko F ne ake maimaitawa sabon sakamako ya maye gurbin tsohon, C kuwa ya zauna daram. A ganina wannan doka tana da tsauri, domin lokacin da ta samu C ɗin ya zo daidai da rashin lafiyar kakarta, hankalin gidan duk ba ya kwance. Fom ɗin yana da wurin ƙarin bayani, kuma a nan ta faɗi dalilin cikin layuka kaɗan, ba tare da neman tausayi ba.

Iyaye da yawa a masallacinmu suna tura yara su kwashi AP barkatai don lamba ta kumbura. Ban yarda da wannan ba. B a darasin AP daidai yake da A a darasi na yau da kullum, amma in ka wuce zango takwas ƙarin ya ƙare a wannan lissafin, sai gajiya da rashin barci. Gaskiya ne masu tantancewa suna ganin wahalar darussan da yaro ya zaɓa, kuma tana da daraja a wurinsu. Sai dai a ɗauki wanda za a iya ci da kyau, a fannin da yaron ke so.

Aji na 9 da na 12 ma ba banza ba ne. Ana bukatar darussan A-G guda 15, kowanne na shekara ɗaya, da aƙalla C, 11 daga ciki kafin shiga aji na 12, kuma ana iya janye gurbin wanda ya yi sakaci a shekarar ƙarshe. Ɗalibi da kansa yake shigar da sakamakonsa a fom, daga baya a gwada da takardar makaranta, don haka layi-layi muka bi muna dubawa kafin ƙarshen Nuwamba.

Ƙaninta yanzu yana aji na 9. Kafin ya cike takardar zaɓen darussan baɗi, na buɗe jerin A-G na makarantarsu a shafin jami'ar, muka ga darasin kwamfutar da yake so yana ciki, na ɗaukar hoto na mujallar makaranta kuwa babu shi. Ya ce duk da haka yana son na hoton, na sa masa hannu a kan duka biyun.