Minardi, talakan tseren Formula 1

Jiya a rumfar makanikai ta bakin kasuwar Ringim aka tayar da zancen Minardi, ƙaramar ƙungiyar tseren motoci ta garin Faenza a Italiya. Daga 1985 zuwa 2005 tsere 340 suka shiga, maki 38 kacal suka tara, ko sau ɗaya ba su zo cikin ukun farko ba. Direbobi kam sun samu, Fernando Alonso ma, wanda daga baya ya zama zakaran duniya, wurinsu ya fara a 2001. Kuɗi ne babu, sai injin saye, galibi tsohon yayi.

Tseren 1999 a Jamus ya fi ciwo wallahi. Direbansu Luca Badoer yana na huɗu, saura zagaye 13, giyabos ya watse. Ya fito ya durƙusa jikin motar yana kuka.