Motar da ta yi shekara ashirin a kwance ba a tayar da ita da makulli

A gidanmu son tsofaffin motocin gudu masu kujera biyu gado ne, daga mahaifinmu ya sauko gare mu, yanzu kuma ga 'ya'yanmu suna riƙe da sifana. Garejinmu na nan Jos ba ya karɓar kowace mota. Aikinmu MGB ne, wato motar gudu ƙirar Ingila, da Marsandi SL, da Datsun 240Z, sai Fijo 504 mai ƙofa biyu wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta. Har yau akan ci karo da irinsu a rufe a bayan gidaje wajen Bukuru da Rayfield, taya a sace, ɓera ya yi gida a kujera.

Ɓarna mafi girma ana yinta ne a ranar farko. Wanda ya gaji motar ya buɗe gareji, ya ari batir, ya zuba fetur, ya murza makulli. Fistan ya bushe shekara da shekaru, zobensa ya manne da tsatsa, murzawa ɗaya sai ya karye ya karce silinda. Mu fulogi muke fara cirewa, mu zuba kamar cokali biyu na baƙin mai a kowane rami, mu bar shi kwana uku zuwa mako. Sannan a juya injin da hannu, da sifana, a hankali. In ya juya sumul, a zubar da tsohon mai, a sa sabuwar filta, a zuba baƙin mai 20W-50, MGB na shan lita huɗu da 'yan kai. Sai a buga sitata babu fulogi har allurar baƙin mai ta ɗaga. Tankin fetur kuwa sauke shi ake yi a wanke, don tsohon fetur yana komawa kamar ƙaro, ya toshe famfo da kafireto.

A kula da batir. MGB da aka ƙera daga 1962 zuwa wajen ƙarshen 1967, ƙafar fozitif ce ke haɗe da jikin mota, saɓanin motocin yanzu. Kuma batir biyu ne masu bolt 6 a bayan kujeru. Mai wayarin da bai san haka ba zai haɗa yadda ya saba, ya ƙone agogon injin da rediyo.

Inda gwaninta take shi ne kafireto. MGB na da kafireto ƙirar kamfanin SU guda biyu, kuma dole su ja iska daidai da juna. Jos tana bisa tsauni, kusan mita 1,200 daga matakin teku, iskarta ba ta da kauri kamar ta Legas. Motar da aka saita a can in ta hau nan sai mai ya yi mata yawa: baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin, tana tari da safe. Akwai noti a ƙarƙashin kowane kafireto. Mukan ɗaure shi har sama, mu sassauto zagaye biyu cikakku, daga nan mu riƙa ɗaure notin gefe ɗaya ɗaya muna sauraron injin. Kafin a taɓa shi sai an saita kwantak a 0.015 na inci, bakin fulogi a 0.025, an zuba baƙin mai a ramin da ke saman kafireton. Bayan tafiyar rabin awa a cire fulogi a duba. In ya yi kalar soyayyiyar gyaɗa, an dace. In ya yi fari tas, mai ya yi kaɗan, bawul na iya ƙonewa.

Ga abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya: kayan jabu. Za a kawo maka kwandensa a kwali mai kyau, a rantse gangariya ce, kwana goma ta mutu a tsakiyar hanya. Tiyon fetur na jabu wata uku ya tsattsage, alhali a MGB kafireto a saman bututun salansa yake, ɗigo kaɗan ya isa gobara. Shi ya sa duk abin roba da na birki daga Ingila ko Jamus muke odarsa, ko da za a jira wata biyu. Mai mota ya ce, "Malam, ai akwai na dubu uku a kasuwa." Akwai, Alhaji, amma ba a garejinmu za a ɗaura shi ba.

Birki ba ma gyara shi rabi-rabi. Robobin masta, tiyo, man DOT 4, duka sabo. Wanda ya san gangaren Hawan Kibo ba zai yi ciniki a kan wannan ba.

Tsatsa kuma ƙarƙashin ƙofa take fara ci. MGB ba ta da shasi daban, jikin ne ke ɗauke da ita, to in dokin ƙofar ya ruɓe sai tsakiyar motar ta lotsa, ƙofa ta daina rufuwa daidai. Daminar Jos doguwa ce, ruwa na kwana a ƙarƙashin kafet. Masu gyaran gaggawa sukan cusa bodi-fila su fesa fenti, wata shida ya kumbura. A zo da maganaɗisu a manna a wurin, in ya faɗi, ba ƙarfe ba ne a ciki. Mu yanke ruɓaɓɓen muke yi bayan mun tokare bakin ƙofa da ƙarfe, mu yi walda da sabon falle, mu fesa maganin tsatsa ta ciki.

Abu ɗaya ne ba ma yi ko nawa za a biya: cire injin asali a dasa na Toyota. An sha kawo mana Marsandi 280 SL da aka yi wa haka don an kasa gane famfon fetur ɗinta ƙirar Bosch, alhali sau da yawa wanki da saiti kawai yake buƙata. In kuna da irinta a kwance a gida, kada a taɓa makulli, kada a yar da ko noti ɗaya, har tsofaffin da suka lalace a tara su a kwali a zo mana da su tare da motar.