Godiya ga waɗanda suka mayar mini da mota hayyacinta

Assalamu alaikum. Bayan kwana tara ina fama, jiya da la'asar na karɓo motata, Toyota Corolla ƙirar 2008, kuma ya zama wajibi in gode wa waɗanda suka tsaya mini.

Asalin abin, fura ce ta kife a tsakanin kujerun gaba muna hanyar dawowa daga Wurno, ta gangara ƙarƙashin giya. Wanda na fara kai wa motar, ba zan ambaci sunansa ba, ya ɓamɓare robobin da ke kewaye da giya da burkin hannu da bakin sukundireba, ya kakkarya ƙugiyoyin da ke riƙe su, sannan ya maƙala su yadda ya ga dama, ya miƙo mini sauran sukurori a leda. Na tayar da mota giya ta ƙi fita daga P (wato inda ake sa ta in an yi fakin), wurin cajin waya ya mutu, ga ɗaurin auren ƙanwata a Gwadabawa yana matsowa.

Godiyata ta farko ga dattijon makaniken da surukina ya haɗa ni da shi, wanda duk gareji ke kira Baba. Kafin ya taɓa komai sai da ya cire kan batir ya dakata kamar minti biyu, domin a irin wannan mota na'urar da ke sarrafa jakar iskar kariya tana ƙarƙashin wannan wuri ne. Ya shimfiɗa tsumma, ya jera robobin bisa tsarin da aka cire su, ya ce wanda ya fita ƙarshe shi ke fara komawa. Ya fara ɗaure akwatin da ake jingina hannu, ya ja burkin hannu sama, ya sa giya a N, wato firi, domin murfin ya samu hanya, kuma bai rufe komai ba sai da mai wayarin ya jona kowane soket, aka mayar da batir aka gwada. A nan aka gano wayar makullin giya ce aka bari tana lilo. Da yaron Baba ya ɗaga hannu zai buga murfin, sai dattijon ya riƙe shi ya ce: "Ba a dukan roba, ɗana, da tahin hannu aka tura ta har ka ji ta ce ƙas." Gaskiya ya faɗa, domin zafin bazarar Sakkwato, da kan haura digiri 40, yana busar da robar mota har ta koma kamar ƙwaryar da ta shekara a rana.

Ina gode wa ɗan yayata da ya yini yana zagaya masu kayan Beljiyam har ya samo ƙugiyoyi daidai da na asali, da maƙwabcina a Mabera da ya riƙa kai yarana makaranta bai taɓa nuna gajiya ba. Ita kuwa mai ɗakina, wadda furar tata ce, na riga na ba ta haƙuri kan faɗan da na yi.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya sa albarka a sana'ar Baba. Ledar sukurorin ya mayar mini da ita babu komai a ciki, kuma ranar Asabar, in Allah ya yarda, da wannan motar za mu kai amarya.