Kwana tara ina zuba ajiya a folda mai suna $MAAJIYA

'Yan uwa, yau dai na kama ɓarawon, ashe ɗan gida ne.

Kun tuna ɗan shirin Python da na rubuta wa shagon kawuna a Kantin Kwari, mai kwafe lissafin ciniki zuwa filashi kullum ƙarfe 5 na yamma. A fayil ɗin saiti na sa `wuri = $MAAJIYA/ciniki`, inda `$MAAJIYA` suna ne da ke tsaye a madadin hanyar filashin, na bi da shi ta `os.path.expandvars` don ya maye sunan da ainihin hanyar, tunda `configparser`, mai karanta fayil ɗin saiti, abin da ya gani shi yake miƙo maka, babu ruwansa da alamar dala. Na gwada da hannu, ya tafi sumul. Na damƙa wa cron, mai tada shiri da kansa in lokacinsa ya yi, na kama gabana.

Shekaranjiya kawu ya kira: "Kai ɗan nan, filashin naka fa wayam yake." Sawu biyu na yi daga Hotoro a adaidaita sahu, kuɗin mota kaɗai ya ci min naira 2,400, ban gano komai ba. Babu kuskure ko ɗaya a log, shiri yana cewa ya gama lafiya.

Sai yau da na buga `ls` don ganin abin da ke cikin foldar gida ta kwamfutar, wato HOME, na ga wata baƙuwa, sunanta `$MAAJIYA`, da dalarta da komai, lissafin kwana tara na kwance a ciki. A `.bashrc`, fayil ɗin da bash (mai karɓar umarnin da nake bugawa) ke karantawa in na buɗe shi, na yi export na sunan, shi kuwa cron ba ya leƙa wannan fayil. 'Yan abubuwa yake ba ka, irin su HOME da PATH. Abin da ya fi ƙona min rai, idan `expandvars` bai sami sunan ba, ba ya ko tari, sai ya bar rubutun yadda yake. `os.makedirs` kuma ya ce to, ya gina folda da sunan.

Wajen share ta ma saura ƙiris in yi aika-aika. Har na rubuta `rm -r $MAAJIYA`, yatsana na kan Enter, sai gabana ya faɗi: a nan fa bash ya san sunan, filashin zai share! Sai da na kulle shi haka: `'$MAAJIYA'`.

Yanzu na koma `string.Template(wuri).substitute(os.environ)`. In suna ya ɓace, KeyError zai yi min ihu nan take, kuma wallahi ihun nan ya fi min shirun can daɗi. Sunan na sa shi a saman crontab, wato jadawalin cron, da cikakkiyar hanya, don a wannan layin `$HOME` ba ya buɗewa.

Da ƙarfe 5 ta buga ina tsaye kan kwamfutar, fayil ya sauka a filashi. Saura kalmar sirrin kawu mai dala a tsakiya, ita in za ta bi ta `string.Template` sai na ninka alamar, `$$`, don kada ya ɗauke ta suna. Gobe in Allah Ya kai mu.