Sati 7 ina fama da tsami, yau dai injin ya ba ni gahawar da nake nema

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan harka. Yau da asuba na dawo daga masallaci na kunna injin gahawata mai niƙa 'ya'yan da kansa, ya zubo min esfireso, wato ƙaramar gahawar nan mai kauri, giram 32, na kai baki na kurɓa, sai kawai na tsaya cak a tsakiyar kicin da kofi a hannu. Babu tsami, wallahi ko ɗigo babu. Ɗanɗanon soyayyar gyaɗa ne da ɗan ɗacin cakulan daga ƙarshe, kumfar sama ta yi kauri ta zauna abinta ba ta watse ba har na shanye. Sai da na taso uwargida na ce zo ki ɗanɗana, ita da kullum sai ta cika madara da sukari ta sha shi haka nan zallansa. Sati 7 ina neman kofi ɗayan nan, don haka ku yi min uzuri in na yi tsawo.

Da farko tsari na yi mai kyau, har na rubuta a takarda na manna a jikin firij: satin farko niƙa, na biyu yawan gari, na uku yawan ruwa, 'ya'yan gahawa su zo daga ƙarshe. Ko kwana 4 tsarin bai yi ba komai ya cakuɗe, domin 'ya'yan da na ajiye a ƙarshe su suka fara yi min ɓarna.

Kilo na farko da na saya baƙaƙe ne wuluk suna sheƙi kamar an shafa musu man gyaɗa, ni a zatona sheƙin nan alamar sabunta ne. Ashe suya ce ta yi nisa, in an wuce fashewa ta biyu da 'ya'yan ke yi a kan wuta man da ke ciki yakan fito ya kwanta a bayansu, kuma wannan maiƙon shi ne babban abokin gabar irin injinanmu masu niƙa da kansu. 'Ya'yan suka riƙa manne wa juna a mazubinsu na saman injin suna ƙin gangarawa, ka ji maniƙin yana juyawa fayau babu komai a bakinsa, garin da ya samu fita kuma ya dunƙule ya toshe hanya. Cikin kwana 12 injin ya tsaya. Mai gyara ya buɗe ya kankaro wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta, ya karɓi naira dubu 18, ga kilon da na saya dubu 35 ko rabi ban sha ba. Abin ya yi min ciwo sosai. Ragowar yanzu a turmi ake dakawa a dafa a tukunya da citta da kanumfari in an yi baƙi, a nan kam ba laifi. Tunda zancen ya zo, duk ledar da kuka ga an rubuta torrefacto, irin ta Sifen da ake soyawa da sukari, kar ku bari ta kusanci injinku, ta fi wannan ma toshewa.

To da na tsorata da baƙi sai na yi tsalle zuwa ɗaya gefen, na sayo ta Habasha, Yirgacefe, suya sama-sama, in ka buɗe leda ƙamshin fure da lemun tsami ya doke ka. A nan faɗan ya soma. Ba irin ɗan tsamin 'ya'yan itace da ake yabon gahawar Habasha da shi nake nufi ba, wannan na san shi ina kuma so. Nawa irin na ɗanyen mangwaro ne, wanda haƙora ke mutuwa, ga shi tsululu, ka haɗiye bakinka ya koma salam kamar ba ka sha komai ba. Kowa a cikinku ya san maganar, tsami na nufin ruwa bai tatso garin sosai ba, sai a ƙara laushi. Nawa injin mataki 13 gare shi, ƙaramar lamba ita ce laushi, yana kan 7 na murɗa zuwa 5 na danna na sha, tsami. Na kai 3, tsami dai. Raina ya ɓaci na kai shi 1 na tafi na kwanta. Washegari inji ya shaƙe, famfon yana gurnani gahawa na ɗigowa ɗis ɗis, abin da ya taru a kofi ɗaci da bauri kamar ka tauna ɗanyen goro. Na mayar 6, kofin farko ɗaci, na ce to har yanzu laushi ya yi yawa na kai 8, kwana ɗaya tsami ya dawo fiye da na da. Kusan sati 2 ina wannan kai-komo, giram 500 suka ƙare ban gane komai ba.

Abin da ban lura da shi ba, kuma yana nan a ɗan littafin da ya zo da injin, shi ne in ka murɗa ba a kofin da ke biye za ka ji canjin ba. Tsakanin haƙoran maniƙi da inda ake matse garin akwai 'yar hanya da tsohon gari ke maƙalewa, sai ka yi kofi 2 ko 3 kafin sabon niƙan ya iso zallansa. Kenan duk hukuncin da na yanke a sati biyun nan kan setin baya na yanke shi, ina shan 7 ina zagin 5, ina shan 1 ina zagin 6. Ranar da na gane haka na daɗe zaune ban ce uffan ba. Sannan murɗawar ma sai maniƙin yana juyawa, mataki ɗaya-ɗaya, ni kuwa a tsaye nake murɗe shi da ƙarfi har mataki 5 a tashi ɗaya alhali akwai 'ya'ya tsakanin haƙoran, Allah ne kawai ya kiyaye ban karya wani abu ba.

Daga nan na nutsu na samo littafi da sikelin kicin mai auna giram. Mataki ɗaya, kofi 3, biyun farko a haɗa su da madara a ba masu so, na uku shi nake ɗanɗanawa in rubuta. Na kuma koyi duba tunkuzar, wato dunƙulen garin da injin ke jefarwa a akwatin shara. A 7 da 6 caɓalɓal take fitowa kamar laka, a 4 ta soma haɗuwa, a 3 ta fito dunƙule guda kamar ƙuli-ƙuli mai faɗi, ka ɗauka da hannu ba ta farfashe ba. Yawan garin kuma tunda injin ba ya faɗa maka giram nawa yake niƙawa, sai na yi dabara, na tara tunkuza 5 na marmashe na shanya a faranti, da iskar hunturun nan yini 2 ta bushe ƙarau. Kowace ta tashi wajen giram 8. Tunda ruwa yakan tafi da kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin garin, lissafina wajen giram 10 yake niƙawa in na kai abin murɗa ƙarfi kusa da ƙarshe. Ruwan da yake zubowa a setin kamfani ya haura giram 40 nesa, na rage shi zuwa 30 da 'yan kai, kashi 1 na gari kashi 3 na ruwa kenan. Masu injin hannu suna yin 1 da 2, amma namu niƙansa bai kai nasu laushi ba, da na gwada haka tsamin ƙaruwa ya yi.

Tsami ya ragu, amma ga inda na kusa haƙura in sayar da injin. Setin ɗaya, leda ɗaya, ruwa ɗaya, kofin asuba ya fito dama-dama, na bayan magariba ya fito da tsamin nan sak. Na duba littafina, duk inda na rubuta "ya yi tsami" da yamma ne ko da dare. Na zargi harshena, na ce ko abincin da na ci ne, har na gwada kurkure baki da cin busasshen burodi kafin in sha. Na zargi 'ya'yan cewa sun sha iska a mazubi. Na fitar da matatsar, inda ake matse garin ruwa ya ratsa shi, na wanke na shafa mata mai. Babu abin da ya canja.

Wani dare ina tsaye injin yana ɗumama sai na ga ƙwan fitilar kicin ya dushe, fanka ta rage gudu, kuma injin ya daɗe bai ce ya shirya ba, kukan famfon ma ya yi sanyi ba kamar na safe ba. Na ari mita wajen maƙwabcina mai aikin waya. Da asuba wutar unguwarmu bolt 221, ƙarfe 8 na dare 179. Jama'a, injin nan wat 1450 ne a kan bolt 230, kuma ƙarfin hita ba daidai da raguwar wuta yake raguwa ba, ya fi haka faɗuwa, a 180 abin da zai bayar bai wuce wat 890 ba, kusan kashi 40 cikin 100 ya tafi. Irin waɗannan injina kuma ba tukunyar ruwan zafi gare su ba, ruwan yana ratsa wani ƙarfe mai zafi ne ya ɗumama a kan hanya. In hita ba ƙarfi, ƙarfen zai kai zafin da ake so har fitila ta ce bisimilla, amma da ruwan sanyi ya fara shiga sai zafin ya faɗi ya kasa farfaɗowa, rabin kofin da ruwa mai ɗumi-ɗumi ake tatsarsa. Ana son ruwa ya sami garin tsakanin digiri 90 da 96, ƙasa da haka tsami za ka sha ko niƙanka ya fi na kowa kyau. Na sa ma'aunin zafi a kofi don in tabbatar, tazarar safe da dare ta kusa digiri 10.

Duk bidiyon Turawan da na kalla babu wanda ya taɓa ambaton wannan, don su ba matsalarsu ba ce. Mu kuwa da ke Kaduna, da ku na Kano da Zariya da Jos, ku auna wutarku kafin ku ɗora wa maniƙi laifi. Sitabilaiza na saya babba, mai 3000, don ƙarami ba zai ɗauki hita ba in wuta ta yi ƙasa, naira dubu 85, kuɗin da ban shirya kashewa ba sam, har yanzu in na tuna sai na ji a ƙirjina. Amma tun ranar kofin dare da na safe suka zama ɗaya. Na kuma kai setin zafi ƙarshe, kuma kafin kofin farko sai na sa injin ya yi kurkura sau ɗaya a cikin kofin da zan sha, hanya ta yi zafi kofi ma ya yi zafi.

Ita Yirgacefen dai duk da haka ba ta ba ni abin da nake so ba, kuma na daina ja da ita. 'Ya'yan da ba su sha suya ba tauri gare su, suna son ruwa mai zafi sosai da lokaci, injina kuma cikin daƙiƙa 15 zuwa 18 ya gama wucewa. Na koma tace ta da takarda da rana, a nan ƙamshinta ke fitowa yadda ya kamata. Wa injin sai na nemo matsakaiciyar suya, launin ƙasa, bushe ƙamas ba maiƙo ko kaɗan, ta Birazil wadda aka shanya da ɓawonta, ita ce mai ɗanɗanon gyaɗa da cakulan ɗin nan, tsaminta kaɗan ne tun asali. Sai wani abokina da ke zuwa Gembu ya taho min da gahawa irin arabika ta tsaunin Mambila, na kai wa wani mai suya a Abuja na ce matsakaiciya nake so, kar ya bari mai ya fito. Ita kaɗai ta ɗan yi min sauƙi a baki, amma da na haɗa Birazil kashi 7 Mambila kashi 3 sai ta ƙara wani ƙamshi a sama da ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kuma gaskiya akwai daɗi a rai ka san akwai ta Taraba a cikin kofinka.

Ranar suya nake dubawa yanzu, ba ranar lalacewa ba. Ta Mambilan da na zuba kwana 2 da soyawa kumfa ce kawai ta cika kofi da manyan ƙwayaye, iskar da ke ciki ba ta gama fita ba, sai da ta huta kwana 10 ta daidaita. Mazubi kuma na daina cika shi, na kwana 3 kawai nake zubawa don zafin injin yana hawa har can, sauran a leda mai ƙofar iska a cikin kabad. Firiza ban sa ba, da yadda ake ɗauke wuta su narke su sake daskarewa, danshi kawai za su sha.

Ga inda na tsaya: niƙa 3, ƙarfi saura ƙiris ya kai ƙarshe, zafi ƙarshe, giram 32 a kofi. In babban kofi nake so ba na barin injin ya tura ruwa mai yawa ta cikin garin, ɗaci da bauri yake jawowa, ƙaramin nake yi in ƙara ruwan zafi a kai. Kumfar madara ko taɓa ta ban yi ba tukuna. Fitilar wankin ciki kuma ta kama jiya, wata 2 kacal, ruwan burtsatsenmu ne na sani don butar shayi ma fari take yi a gindi, maganin wankin yana hanya, ruwan tsami na kanti dai ba zan zuba ba. Akwai wanda a cikinku ya gwada sa robusta, irin gahawar nan da ta fi arabika ɗaci, kaɗan, kamar kashi 1 cikin 10, a irin wannan haɗin? Ina da giram 250 ta Kamaru a ajiye, ina so in gwada amma wallahi tsoron taɓa komai nake yi a satin nan.